Naira dubu 950 na biya ejan kafin in tafi Kanada: abin da ya yi mini da abin da bai yi ba

Kwanana tara da dawowa Birnin Kebbi hutu, kuma mutum bakwai ke nan suka tare ni da magana ɗaya: in taimaka musu da lambar mutumin da ya yi mini hanyar Kanada. Biyu a bakin masallaci bayan la'asar, ɗaya a teburin mai shayi, sauran a zauren Baba inda ake zuwa yi mini barka da zuwa. Ta ƙarshensu goggona ce, da ta taso tun daga Argungu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, wanga ƙane naka ya ƙare karatu shina zaune, ka haɗa shi da mutumen nan naka." Na kasa ba ta amsa a tsaye, domin amsar doguwa ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Ba zan kama sunan ofishin ba, ba kuma zan kwatanta inda yake ba. Ɗaki biyu ne a saman wani bene, allonsa ɗauke da tutar Kanada da ta Ingila da ta Ostireliya, daga ƙasa an rubuta Umara da tikitin jirgi. Duk wanda ya zaga Sakkwato ko Kano ko Abuja ya ga irinsa birjik, kuma hirar da na yi da ɗaliban da na tarar a can ta nuna mini kusan salonsu ɗaya.

Digirina na fannin noma ne, a Aliero na yi shi. Bayan hidimar ƙasa na shekara huɗu ina koyarwa a wata sakandare, raina kuma yana kan ƙaro karatu a kan ƙasar noma, musamman irin ta fadamarmu da ake nomawa rani da damina ba hutu. Da kakar 2022 wani abokin aikina ya raka ni ofishin. Mai wurin mutum ne mai fara'a da iya karɓar baƙo, wannan ba zan hana masa ba. Ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, ya buɗe wayarsa yana nuna mini hotunan fasfo masu biza ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rage murya ya ce, "Malam, Kanada ba wasa ba ce. Harafi ɗaya ka kuskure an hana ka, in kuwa aka hana ka sau ɗaya, shi ke nan har abada." Wannan maganar ce ta sa na biya. Na fita daga ofishin da yaƙinin cewa fom ɗin Kanada wani abu ne da hannun irina bai isa ya taɓa ba. Sai daga baya na san cewa ba haka ba ne: wanda aka hana bizar karatu ana ba shi takarda mai ɗauke da dalili, kuma yana iya gyarawa ya sake nema.

Kuɗin ba nawa ba ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Baba ya fitar da buhu 35 na shanshera daga abin da ya noma, ya haɗa da bijimin da yake turkawa. Yayata ta ba ni kwasar adashenta. Kashi-kashi na riƙa kaiwa, kafin alƙalami na dubu 100 wai kuɗin buɗe fayil, sauran kuma duk lokacin da aka kira ni aka ce an kai wani mataki. Rasit ɗaya kawai aka taɓa ba ni, na farkon. Yarjejeniya a rubuce kuwa babu ita ko kaɗan, ni ma ban nema ba, domin a wurinmu neman takarda daga mutumin da ya karɓe ka da mutunci kamar zarginsa ne.

Dubu 200 ya karɓa na neman gurbin karatu. Cikin mako biyu ya kira ni da murna, wai an samu: difloma ta harkar kasuwanci a wata kwaleji mai zaman kanta kusa da Toronto. Na ce masa ni noma na karanta, digiri na biyu nake nema. Ya ce in bar wannan, shiga ƙasar ita ce kan gaba, in na shiga na canza. Ya matsa ƙwarai, har ya kira abokin nan nawa ya ce ya ba ni baki. A lokacin ban gane dalilin nacin ba. Yanzu na san cewa makarantu da yawa suna ba ejan la'ada a kan kowane ɗalibi da ya kawo, wato yana ci ta wajenka yana ci ta wajensu. Abin da ya fi haɗari shi ne yawancin irin waɗannan kwalejoji masu zaman kansu ba sa ba mutum damar samun izinin aiki bayan kammala karatu. Ba duk makarantar da aka yarda ta ɗauki ɗaliban waje ce take ba da wannan damar ba, kuma a shafin hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, akwai jerin makarantun, kowace an nuna matsayinta. Da na bi shawararsa da shinkafar Baba ta tafi a kan takardar da ba za ta kai ni ko'ina ba.

Gurbin da na samu ni na nemo shi. Wani tsohon malamina ne ya ce mini digiri na biyu na bincike ba ejan ke samo shi ba, malamin da zai duba aikinka ne zai ce yana so. Na yi wata biyu ina zama bayan isha'i da wayata, ina karanta abin da malaman jami'o'i suka wallafa, ina rubuta musu wasiƙa. Na tura 23, biyu suka amsa, ɗaya ya ce mu yi magana ta bidiyo. A ɗakin malamai na makarantarmu na yi hirar, da yamma bayan an tashi, saboda tazarar awa bakwai da ke tsakaninmu da lardin Manitoba, inda jami'arsa take, lokacin sanyinsu. Da ya amince, aikin ofishin bai wuce loda takarduna a shafin Jami'ar Manitoba ba, kuɗin fom ɗin jami'ar ma daban na biya. Akwai kuma dubu 50 na darasin jarrabawar Turanci ta IELTS da aka ce dole ne, na yi mako uku ina zuwa, ƙarshe jami'ar ba ta neme ta daga gare ni ba.

A nan dole in yi adalci, domin akwai mutum ɗaya a ofishin da ta ci guminta. Wata yarinya ce da ke zaune a ɗakin farko gaban kwamfuta. Ita ta jera takarduna a kan tebur, ta sa biro tana bi ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗago ta ce, "Yaya, dubi nan." Sunana a takardar WAEC da wani harafi aka rubuta shi, a fasfo da wani, irin bambancin nan da muke gani kullum ba mu ɗauke shi komai ba. Ta tura ni kotu na yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne. Ita ta koya mini yadda ake ɗaukar hoton takarda ya fito sarai, a haɗe shafuka da yawa wuri ɗaya, a rage nauyinsu yadda shafin zai karɓa. In ana maganar aikin da ya cancanci a biya a wannan ofishi, nata ne, kuma aikin yini biyu ne. Na tabbata albashinta na wata bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na ajiye a teburin maigidanta ba.

Da aka zo biza, a watan Mayun 2023, ya karɓi dubu 150 ladan aikinsa, da wata dubu 250 da ya kira kuɗin ofishin jakadanci. Kuɗin da gwamnatin Kanada ke karɓa a rubuce yake a fili: dalar Kanada 150 na izinin karatu, dala 85 na ɗaukar hoton yatsu. Dala 235 ke nan. Ko da canjin bayan fage na wannan watan aka lissafa, bai kai dubu 150 ba. Ban san haka ba sai da na ga rasit ɗin a cikin asusuna bayan na isa can.

Amma kuɗi mai sauƙi ne a kan abubuwa biyu da suka biyo baya, kuma saboda su nake roƙon iyaye su karanta wannan da kyau.

Na farko maganar shaidar kuɗi ce. A lokacin ana so ɗalibi ya nuna kuɗin makaranta na shekarar farko da dala 10,000 na zama. Ina da takardar ɗan tallafin da malamina zai riƙa ba ni, kuma kawuna mai harkar shinkafa ya yarda ya tsaya mini da asusunsa na gaskiya. Ejan ya duba ya ce bai yi kauri ba. Ya ce yana da mutanen da za su zuba miliyoyi a asusuna na 'yan makonni, a buga takardar banki, sannan su janye abinsu, ni kuma in biya wani kaso a kai. Ya faɗe shi kamar yadda ake cewa a sayi kati, wai kowa haka yake yi. Na zo gida na gaya wa Baba bayan magariba, yana zaune kan buzunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kuɗin da ba naka ba, ka nuna ma mutane ka ce naka na? Kuma da ruwa bisa? A'a. In da rabo ka tahi da gaskiyarka, in babu ka zauna gida." Da na isa can na ji labarin waɗanda suka bi wannan hanya. Jami'in biza yana duba shige da ficen asusu na watanni, kuma malamin sakandare da miliyoyi suka faɗo masa dare ɗaya ba ya ɓoyuwa.

Na biyun ya fi tsayar mini da gashi. Imel sabo ya buɗe da sunana, asusun IRCC ma shi ya buɗe, kalmar sirrin duka tana hannunsa. Ranar da za a tura, ya kira ni ya ce in yi addu'a kawai, komai ya kammala. Wani abu ya hana ni natsuwa, na hau mashin na tafi ofishin na ce ina so in ga fom ɗin da idona. Ransa bai so ba, ya ce ko ban yarda da shi ba ne. Na ce na yarda, amma sunana ne a kai. Yarinyar nan ta juyo mini da kwamfutar. Ina bi layi-layi har na kai wurin da ake tambaya ko an taɓa hana ka biza ta Kanada ko ta wata ƙasa. An zaɓi a'a. Alhali tun ranar farko na gaya masa cewa a 2019 na nemi bizar Ingila don wani ɗan gajeren horo aka hana ni. Ya ce ai in aka rubuta zai ɓata fayil ɗin, kuma wa zai sani? Kanada da Ingila da Amurka da Ostireliya da New Zealand suna musayar bayanan masu neman biza, har da hoton yatsu. Dokar Kanada kuma a kan ɓoye gaskiya ko ba da bayanin ƙarya a fili take: haramcin shiga ƙasar na shekara biyar, kuma ba a karɓar uzurin cewa ejan ne ya cike. Mai sunan ke ɗauka. Ban san duk wannan a ranar ba, abin da na sani shi ne ƙarya ce, kuma maganar Baba tana kunnena. Na sa aka gyara, na rubuta layi uku na bayanin abin da ya faru a 2019. An ba ni biza da wannan gaskiyar a ciki.

Sauran wahalar duk ni na sha abina. Ni na bi motar haya ta Jega da Koko da Yawuri da Kontagora zuwa Abuja, makonni kaɗan bayan cire tallafin mai, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Ni na yi layi a VFS Global, kamfanin da ke karɓar takardun biza, aka ɗauki yatsuna, ni na biya kuɗin gwajin lafiya a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya. Ana cikin haka, a tsakiyar Yuni, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, lissafin kuɗin makarantar da muka yi da kawu ya rushe, sai da muka sake zama. A makonnin jira kuwa ba ni da ikon duba asusuna. In na kira sai ya ce suna magana da mutanensu na ciki. Babu wasu mutanen ciki. IRCC da kanta ta rubuta cewa ɗaukar wakili ba ya sa a duba takardarka da sauri, ba ya kuma tabbatar da za a ba ka.

Sai da na yi wata uku a Kanada na fahimci matsayin mutumin da na ba amanata. A dokarsu ba kowa ke da izinin karɓar kuɗi don ba da shawarar shige da fice ba. Sai mai lasisi daga hukumar da ake kira CICC, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2021, ko lauyan da ke cikin ƙungiyar lauyoyi ta wani lardi na Kanada, ko notare, wato mai tabbatar da takardun doka, na lardin Quebec. Ko a wace ƙasa mutum yake zaune, ƙa'idar ke nan. CICC tana da rajista a intanet, kyauta, ka rubuta sunan mutum ka ga ko yana da lasisi, ko an dakatar da shi. Na rubuta sunan nawa ta kowace fuska, babu shi. Kuma mai lasisi yakan rubuta yarjejeniya da kai, a cike fom mai lamba IMM 5476 da ke shaida wa hukuma cewa shi ne wakilinka. Nawa bai cike ba. Ya tura takarduna kamar ni na zauna na yi da kaina, ta yadda in abu ya ɓaci babu inda sunansa ya fito, ni kuma ba ni da inda zan kai ƙara.

Saura dubu 200 na ƙarshe, wanda ya kira kuɗin tarba. An yi mini alkawarin za a ɗauke ni a filin jirgi, masauki na mako biyu, layin waya, da haɗa ni da aiki. Na tashi daga Abuja ƙarshen Agusta, ta Adis Ababa zuwa Toronto. A nan jami'in kan iyaka ya buga mini ainihin takardar izinin karatu, domin abin da ke cikin fasfo izinin shiga ne kawai. Inna ta cika mini jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, da ƙunshin kilishi babba. Na bayyana duk abincin da nake ɗauke da shi. Suka karɓe kilishin, domin ba a shiga da nama, suka bar mini sauran, ba tara ba faɗa. Ofishin da ya karɓi kuɗin shirya ni bai taɓa gaya mini wannan ba, wani fasinja ne a jirgi ya ce in faɗi komai kada in ɓoye.

Na sauka Winnipeg, babban birnin Manitoba, wajen sha ɗaya na dare. Na tsaya da akwati biyu ina duban masu riƙe da kwalaye, babu sunana. Lambar da aka ba ni na kira ta WhatsApp da intanet ɗin filin jirgin, tana shiga ba a ɗauka. Na kira ejan, asuba ce a gida, wayarsa a kashe. Wurin ya watse, saura ni da masu shara. Na zauna a kan akwatina na fi awa ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, na yi hawaye. Sai na tuna wani zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya da aka sa ni ciki mako guda kafin tafiya, ban taɓa cewa komai a ciki ba. Na rubuta cewa ga ni a filin jirgi ba ni da wurin zuwa. Minti huɗu wani ya amsa. Bayerabe ne ɗan Ilori, ya taso daga aikin dare. Ya zo da tsohuwar motarsa, ya ɗauki akwati ɗaya, ya ce, "Aboki, sannu da zuwa," iyakar Hausarsa ke nan. Kwana shida na yi a kan kujerar falonsa. Da na ciro dala 100 zan ba shi ya ɓata rai, ya ce shi ma haka aka yi masa, in na samu wuri in ɗauko wani.

Duk abin da aka sayar mini da sunan tarba, a cikin mako guda na same shi ba da ko sisi ba. Washegari Bayeraben nan ya sauke ni a ofishin gwamnati na Service Canada, na miƙa fasfo da izinin karatu, aka ba ni lambar SIN a takarda kafin in fita. Lamba tara ce, ta baƙi irinmu da 9 take farawa, ba a aiki sai da ita, kuma kyauta ce. Banki suka buɗe mini asusun ɗalibi a zama ɗaya. Layin waya a shago na saya kamar yadda ake saya a nan. Ofishin kula da ɗaliban waje na jami'a ya tara mu sababbi, aka bi mana komai dalla-dalla: inshorar lafiya da ake haɗawa cikin kuɗin makaranta, katin bas, awannin da doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki, har da yadda ake sa tufafi bisa tufafi in sanyi ya zo. A can akwai masu ba da shawara kan izinin karatu, ɗalibi ba ya biyan su.

Ɗaki kuwa a masallaci na same shi. Juma'ar farko aka kai ni babban masallacin da ke titin Waverley. Bayan sallah na gaisa da wani dattijo ɗan Sudan, da ya ji daga inda nake sai ya juya harshe zuwa Hausa, irin ta mutanenmu da kakanninsu suka yada zango a can kan hanyar Makka. Shi ya haɗa ni da wani mai ɗaki a ƙasan gidansa kusa da titin Pembina, dala 550 a wata. Shi ya gaya mini cewa a Manitoba mai gida ba shi da ikon karɓar kuɗin ajiya fiye da rabin hayar wata ɗaya, kuma kada in tura wa kowa ko dala ɗaya a kan ɗakin da ban shiga na gani ba, domin masu damfarar sababbin zuwa a Facebook suna da yawa. Matarsa ta ba ni tukunya biyu da bargo. Rigar sanyi da takalmin ƙanƙara a gwanjon Value Village na saya. Katifa wani ɗalibi da ya gama ya bar mini.

Ba ina cewa zaman ya zo da sauƙi ba. A Janairu sanyi yana kaiwa 30 ƙasa da sifiri, numfashinka ya daskare a gemunka kafin bas ya iso, motoci kuma kowace da wayar lantarki tana leƙowa ta gaba, ana jona ta da dare don kada injin ya ƙi tashi. A Disamba kafin biyar na yamma an yi magariba. Na yi makonni ina fita cikin duhu ina dawowa cikin duhu, in tuƙa tuwon garin shinkafa in kaɗa kukar Inna in ci ni kaɗai, ina lissafin ƙarfe nawa ne a gida ko zan samu wanda bai yi barci ba. Aikin farko sai da na yi wata biyu ina nema kafin na samu na jera kaya a wani kanti, kuma wani ɗan Gana da muke aji ɗaya ne ya kai takardata. Wannan ɓangaren babu ejan da zai ɗauke maka shi ko nawa ka biya. Abin da ya riƙe ni shi ne buɗa-baki na taro a masallaci da azumi, da mutanen da suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofata. Ko takardun haraji, da ake cikewa kafin 30 ga Afrilu, 'yan sa-kai ne suka cike mini kyauta.

Akwai wanda nake ganin ya kamata ya biya ƙwararre. Wanda aka hana sau biyu ko uku bai gane dalili ba, wanda ke da matsalar shari'a ko ta lafiya, wanda aka riga aka zarga da bayanin ƙarya, ko mai iyali da takardunsa suka cakuɗe. Irin wannan ya nemi mai lasisi, ya duba sunansa a rajistar da idonsa, a rubuta yarjejeniya, kuɗin gwamnati daban ladan aiki daban, kowanne da rasit. Kuma ko wa zai taimaka maka, imel ɗin ya zama naka, kalmar sirri a hannunka, kada a tura layi ɗaya da ba ka karanta ba. Amma mai digiri da ke iya karanta Turanci, takardunsa tsaf, labarinsa miƙaƙƙe, ban ga abin da zai kai shi irin ofishin da na je ba. Ban ba kowa shawarar zuwa can ba, kuma ba zan bayar ba.

Ƙofar ma ta ƙara ƙunci tun bayan tafiyata, kuma wajibi ne a gaya wa iyaye kafin su taɓa rumbu. Kuɗin zaman da ake nunawa ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024, ya sake hawa zuwa 22,895 a Satumban 2025, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Tun Janairun 2024 gwamnatinsu ta sa iyaka ga yawan izinin karatun da take bayarwa, a Nuwamban shekarar kuma ta rufe tsarin gaggawa da ake yi wa ɗaliban Najeriya. Aikin da ɗalibi zai yi a wajen makaranta lokacin karatu awa 24 ne a mako, ba zai biya kuɗin makaranta ba. Duk wanda ya ce maka ka je kawai aiki zai biya komai, ko ya ce yana da tabbacin biza, ka riƙe kuɗinka.

Shekaranjiya na hau benen nan. Yarinyar ba ta nan, an ce ta bar aikin. Maigidan ya tashi ya rungume ni, ya ce a ɗauke mu hoto. Na ce a'a, domin na san inda hoton zai ƙare, a cikin wayar da ake nuna wa na baya. Na zauna na lissafa masa komai cikin natsuwa, na ce ladan aikinsa na bar masa, amma dubu 200 na tarbar da ba a yi ba haƙƙin Baba ne. Ya ce yaronsa na can ne ya ci amanarsa. Ya tura mini dubu 60 nan take, ya ce sauran ƙarshen wata. Na kai wa Baba, na gaya masa yadda muka yi.

Ɗan goggona kuwa ya zo jiya da takardunsa cikin leda. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida, na sa ya buɗe imel da hannunsa, ya rubuta kalmar sirrin a littafinsa. Muka shiga shafin IRCC muka karanta sharuɗɗan tare, yana karantawa ina fassara masa inda ya tsaya. Da muka kai lissafin kuɗi ya yi shiru, ya ce gidansu ba su da rabin wannan. Injiniyan ruwa ne, sakamakonsa mai kyau, don haka muka koma neman malaman da ke da tallafin bincike a fanninsa. Mun fitar da sunaye tara. Ya rubuta wasiƙar farko kafin a kira magariba, gobe da safe zai kawo in duba masa kafin ya tura.